Na Kai Ƙafata Kano, Aka Ce Ba Ta Da Laifi

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci, a kasuwa, a wurin suna, duk wanda ya gan ni sai ya fara duban ƙafata ta hagu, in ya tabbatar tana nan sannan ya ce, "Isuhu, wai ƙaƙa anka yi?" Na ba da labarin nan har ya fara dawo mini da ƙari. Ran kasuwar Tasawa wani ya rantse mini cewa an ciro wa wani mutumin Kona maciji daga cinya, bai san da mai cinyar yake magana ba. To, tunda 'yar bokon da na samu a yaƙi da jahilci ba ta gudu ba, bari in rubuta shi sau ɗaya in huta.

Ni mutumin Kona ne, manomi ɗan manomi. Abin da bara ta yi mana ba sai na faɗa ba: an yi shuka, ruwa ya ɗauke, hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Da sojan da ke mulki suka aiko da jar dawar taimako, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya tsaya a bakin gari, aka ce majiya ƙarfi su zo sauke kaya. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na sunkuya na cicciɓi buhu, na murɗa jiki zan miƙa wa na bayana, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Na yi 'yan kwanaki ina ɗingishi, ƙugun ya lafa, na manta da shi. Sai ƙafa ta karɓa. Ciwo ya taso daga ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka sha-raɓa, ya ƙare a babban yatsa, kamar an zura mini igiya mai wuta. In na yi tari in ji shi, in na yi atishawa sai na kira sunan uwata. Zama ya gagara. Tafiya kuwa sai a karkace, a duƙe, ina dafa bango.

Ƙafa ke ciwo, saboda haka ƙafa aka yi wa magani. Wanzami ya kafa mata ƙaho tun daga cinya har idon sawu. Da bai yi ba aka kawo mai sakiya, ya gasa ƙarfe ya ɗana mini, na ji ƙaurin naman jikina da hancina. Tsofaffin mata suka ce na taka wani abu ne a hanyar gona, aka yi turare, aka ɗaura laya a gwiwa. Majo, malamin jinya na asibitin Tasawa, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce wannan sai manyan likitoci, wataƙila sai Yamai. Kafin bazara ta shigo ƙafar nan ta koma kamar ƙwaryar da aka yi wa zane, ciwo kuma yana nan inda yake.

Abin da ke hana ni sukuni ba zafin ba ne, damina ce. Rumbu babu ko ƙwaya, ƙanena ya tafi ci-rani ba labari, gida daga ni sai matata Rabi da tsohuwarmu da yara ƙanana. In ruwa ya sauka ban yi noma ba, gidan ya watse ke nan, kowa ya nemi inda zai raɓa. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ina kwance ina jin iska ta fara juyowa, wallahi tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Ana cikin haka yayata Hajo ta iso daga Attantane, can ƙasar Mayahi inda take aure. Yaya Hajo fatauciya ce, tana kai tabarmin kaba Kano ta dawo da atamfa da robobi, kuma tun muna yara ba a yi mata musu. Ta yaye zanen da na rufa, ta dubi ƙafar, ta dubi Rabi.

"Wanga ƙahwa ce ko allon makaranta? Wa ya yi mata wanga rubutu?"

"Magani ne, Yaya," in ji ni.

"Tau, maganin ya isa hakanan. Kano za mu. Akwai asibitin ƙashi can, na san hanya."

Akwai mutanen da suka zo gaishe ni a ɗakin. Ɗaya ya ce ai shi ya ji wannan asibiti, da zarto suke aiki, ka shiga da ƙafa biyu ka fito da sanda. Na ce, "Yaya, in sunka yanke ta hwa? Da mi zan noma?"

Ta ce, "Yanzu da take jikinka, noman kake?"

Aka sayar da akuyar Rabi, muka kama hanya.

Wahala biyu ce a gabanmu. Ta farko, sojan Najeriya sun rufe iyaka, ba shiga ba fita. Ta biyu, ba na iya zama. Ta biyun Yaya ta warware da cire ƙyauren ɗakin ƙanena, aka kwantar da ni a kai miƙe, aka ɗora ni bayan wata mota mai buɗaɗɗen baya har Gazawa, ni da buhunan kanwa da wani rago da ya yi ta shinshina mini kunne. Ta farkon kuma wani mai amalanke ya warware, sunansa Ɗan Jimma, wanda ya san kowace 'yar hanya ta cikin gonaki da ke ɓullewa wajen Dankama. Mutum ne marar magana. Jakinsa ma ya fi shi surutu.

Da rana ta ɗaga ta fara dukan fuskata, sai Yaya ta ciro wani farin mayafi ta lulluɓe ni da shi tun daga kai har yatsu. Na ji daɗin inuwar, na yi lamo. Can muka shiga wani ƙauye, sai na ji hirar mutane ta yanke ɗif. Na ji ana tashi tsaye. Wani tsoho ya ce, "Inna lillahi. Allah shi jiƙan musulmi." Sai na ji muryar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, a sanyaye ta ce, "Amin, Baba."

Da muka fita garin na yaye mayafin na ce, "Yaya, da raina kike amsa mini gaisuwa?"

"Rufa mana baki. Addu'ar rahama ba ta ɓaci ga mai rai. Ba ka ga yadda anka buɗe mana hanya ba?"

Ta mayar da mayafin. Haka muka ratsa ƙauyuka, ana ta yi mini addu'a, har wata mata ta biyo mu da ƙwaryar ruwa ta ba masu rakiyar gawa. Ni gawar ko kurɓa ban samu ba.

Daf da iyaka hanya ta bi ta gindin wata tsamiya, ashe soja biyu na zaune a wurin. Na ji an daka tsawa, amalanke ya tsaya, takalmi mai nauyi ya matso.

"Ina za ku? Ba ku san an rufe boda ba?"

Sai muryar ta yi laushi. "Subhanallahi. Wa ya rasu?"

A gaskiya Yaya ba ta yi ƙarya ba, sunkuyar da kai kawai ta yi. Ɗan Jimma, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya zaɓi wannan lokaci ya ce, "Allah dai shi sa mu cika da imani." Daga baya aka gaya mini sojan har hularsa ya cire. Ni kuwa a ƙarƙashin mayafi wata ƙaiƙayi ta shige mini hanci. Na danne, na cije, na karanta duk abin da na haddace. Ina! Atishawa ta fashe, ciwo ya harba har yatsa, na zabura na kurma ihu, "Wayyo ƙahwata!"

Da na yaye mayafin, sojan yana bayan tsamiya, hularsa a ƙasa. Ɗan'uwansa kuma yana birgima yana riƙe da ciki, dariya ta hana shi numfashi. Na ce yau kashinmu ya bushe. Mai hular ya fito yana huci, Yaya ta durƙusa ta ce, "Ranka shi daɗe, ba mu ce ya mutu ba. Rana ce munka kare mishi. Dubi abin da za mu kai asibiti." Ya dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta. Fushin ya sauka daga fuskarsa. Ya ce haka aka yi wa babansa a garinsu, har ya rasu bai ƙara miƙewa ba.

"Ku wuce, ban gan ku ba," in ji shi. "Amma Hajiya, don Allah ki cire farin zanen nan, kada ku kashe wani a gaba."

Ya ciro goro daga aljihu ya sa mini a hannu. Shi ne abin da na fara ci a ƙasar Najeriya.

Daga Dankama muka bar ƙyauren wurin Ɗan Jimma, muka shiga mota zuwa Katsina, daga can wata zuwa Kano. A kwance na yi tafiyar, a tsakiyar mota tsakanin kujeru, ƙafafun mutane ta ko'ina. Saboda haka duk mai tambayata yadda hanyar Kano take, abin da zan iya shaida shi ne rufin motar yana da tsatsa, kuma 'yan Najeriya suna da takalma masu kyau.

Mun sauka a gidan mai masaukin Yaya, Alhaji Garba, dillalin tabarmi. Asalinsa mutumin Tasawa ne, amma ya daɗe a Kano har bakinsa ya juye. Mutumin kirki ne ƙwarai, kuma kirkinsa ya kusa ƙarasa ni. Don ya girmama ni ya sa aka fito da katifar soso ta ɗakinsa, mai kauri, wadda in ka hau sai ka nutse. Na kwanta, ƙugu ya lotsa, ƙafa ta kama wuta. Na lallaɓa na gangaro kan siminti. Da safe ya shigo ya tarar da baƙonsa a ƙasa, katifa ba kowa.

"Haba Malam Yusufu! Wani abu aka yi maka a gidan nan?"

"Wallai Alhaji babu. Katihwar ce ta hi ƙarhina."

Bai yarda ba. Ya ɗauka kunya ce irin ta mutanen ƙauye, ya sa aka ƙara mini matashi biyu.

Abinci kuwa, a nan na san duniya faɗi gare ta. Ranar farko aka kawo wani farin abu mai danƙo wai shi teba, na garin rogo. Na kai loma, na rasa ko taunawa ake ko haɗiyewa, ya tsaya a maƙogwaro yana jiran umarni. Furarsu 'yan ƙanana ce kamar ƙwan zabo, a dama ta tsararo, ka sha ka tashi kamar ba ka sha ba. Amma shinkafa da wake da mai da yaji, wannan kam na sara musu. Rannan aka ɗora mini tsokar nama a kai. Na tuna yarana suna can suna fama da jar dawa, sai hawaye ya zubo mini a gaban mutane. Yaya ta ce, "Ci, Isuhu. Kukanka ba ya cika musu ciki, ƙarhinka ne ke cikawa." Na share ido na cinye tas.

Mutanen Kano Hausawa ne kamar mu, amma gaggawa ta yi musu yawa. A wurinmu in ka gamu da mutum sai ka tambayi kwana, da gajiya, da gida, da yara, da dabbobi, da zafi. A can na fara gaida wani a ƙofar gida, ina kan "ina gajiya" ya riga ya tsallaka titi. Ruwan sha sayensa ake yi. In na buɗe baki na ce "lahiya lau" sai yara su bi ni suna maimaitawa. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne layi. Sojansu sun hana turereniya, ko mota za a shiga sai an jeru. Da idona na ga wani mai kwat da jaka ya tsallake layi, soja ya sa shi tsallen kwaɗo a bakin titi. Tun daga nan in na ga mutum uku a tsaye sai in je in tsaya a bayansu.

A asibitin, ina bin layi ina leƙen ɗakuna ko zan hango zarton. Aka ɗauki hoton bayana, na ce musu sun yi kuskure, ƙafa ce, suka ce in dai kwanta. Sannan aka shigar da mu wurin likita, wani siririn mutum mai tabarau, mai yawan murmushi. Ya dubi zanen da ke ƙafata bai yi dariya ba, na ji ya kwanta mini a rai. Ya sa na yi tafiya a kan dunduniya, na yi a kan yatsu. Ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da wata 'yar guduma. Ya tambaye ni ko fitsari yana kufce mini, na ce a'a. Sannan ya kwantar da ni rigingine, ya kama dunduniyata ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ba ta yi nisa ba na yi ƙara.

"Malam Yusufu, kafin ƙafar nan ta fara, ka ɗaga wani abu mai nauyi?"

Sai buhun jar dawa ya faɗo mini a rai. Na ba shi labari.

Ya ce, "To, ƙafarka lafiyarta ƙalau. Ba ta da laifin komai."

Na ɗauka wasa yake. Ya ɗauko wani ƙashin gadon baya na roba daga kan tebur, ya nuna mini yadda yake gaɓa-gaɓa, ɗaya bisa ɗaya. Ya ce, "Ka san gammo, wanda mata ke sawa tsakanin kai da tulu? Tsakanin kowane ƙashi biyu Allah ya sa irinsa, bayansa tauri, cikinsa taushi. Ranar da ka sunkuya ka murɗa da buhu, ɗaya daga na ƙasa ya tsage, na cikin ya bultso. A daidai wurin kuwa akwai jijiya da ta fito daga baya ta tafi har yatsan ƙafa. Ita ya danne. Ana matsa ta a ƙugu, tana kuka a ƙafa."

Yaya ta tafa hannu. "Ashe an bar jaki ana dukan taiki!"

Likita ya yi dariya ya ce haka ne. Na dubi ƙafata, da tabon ƙaho da na sakiya, sai ta ba ni tausayi. Na shafa ta na ce, "Ki yahe mini." Sannan na yi tambayar da na zo da ita tun daga Kona. "Likita, yanka za ku yi?"

Ya ce ba ƙafa ba, ba baya ba. Yawancin masu irin wannan, in ji shi, abin da ya bultso yakan janye da kansa a hankali in ba a ƙara tsokanarsa ba. Wuƙa sai in ƙafa ta fara mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari, ko tsakanin cinyoyinsa ya daina jin taɓi. In na ga ɗaya daga cikin waɗannan, in zo a guje ko ina nake. Ya rubuta mini ƙwayoyin rage zafi, ya ce in daina wuni a kwance, in riƙa takawa kaɗan-kaɗan, in kwana a wuri mai tauri. Wannan ta ƙarshe na roƙe shi ya maimaita don Yaya ta kai wa Alhaji Garba.

Daɗi ya cika ni har na manta ina ciwo. Na ce, "Ke nan bana ina noma!"

"Nuna mini yadda kuke noman."

Na sauko, na gwada masa yadda muke kama hauyarmu mai gajeriyar ƙota, a duƙe, kai ƙasa, daga safe har azahar. Ban gama duƙawa ba ciwon ya tsaida ni. Murmushinsa ya ɗauke.

"Wannan kam a'a. In ka yi wannan bana, za ka dawo mini, kuma a ranar ba zan iya yi maka alkawarin komai ba."

An bar mini ƙafa an karɓe mini gona, to ina ribar? Na ce, "Likita, in ban noma ba ɗiyana ba su ci." Ya jujjuya alƙalami a hannunsa. Can ya ce, "Babu wani aikin gona da ake yi a tsaye?"

Sai Yaya Hajo ta fashe da dariya, irin wadda har sai da ma'aikaciya ta leƙo.

"Akwai, likita! Hauyar tsaye. Da ita duk mutanen Attantane ke noma. Amma wanga da kake gani, da dai ya riƙa ta gara ka yanke mishi ƙahwar."

Gaskiya ta faɗa. Hauyar tsaye doguwar ƙota gare ta, ta fi mutum tsawo, bakinta kamar jinjirin wata, ana tura ta a cikin rairayi ta yanke ciyawa ta ƙarƙashi. Mu mutanen Kona noman ragwaye muke ce mata. A wurinmu namiji shi ne wanda ya duƙa ya juya ƙasa, masu waccan kuwa sosa wa gona baya kawai suke yi. Likita bai taɓa ganinta ba, a garinsu ba a san ta ba. Yaya ta karɓi sandar mai shara ta gwada masa a tsakar ofis, tana turawa tana takawa. Ya zagaya ta yana duban bayanta.

"Wannan ta yi," in ji shi. "Baya a miƙe, ƙarfi daga ƙafafu. In ka gaji ka huta. Malam Yusufu, ka yarda?"

Na ce, "Ana yi mini dariya."

Ya ce, "Ana yi. Ka yarda?"

Na yarda, amma da ƙyar ta fito.

Mun yi 'yan makonni a Kano ina zuwa wurin wata malamar asibiti mai koyar da motsa jiki. Ita ta koya mini ɗaukar kaya: a durƙusa da gwiwa, a rungumo kayan jikin ciki, a tashi ba murɗawa. Ta kuma koya mini in kwanta rubda ciki, in dafa ƙasa in ɗaga ƙirji in sauke, kamar ƙadangare. Kullum da safe ina yin wannan a tsakar gidan Alhaji, matan gida suna leƙe ta taga suna ƙyaƙyatawa. Ban damu ba, don abin yana aiki. Ciwon ya bar yatsa ya koma sha-raɓa, ya bar sha-raɓa ya koma cinya. Da na gaya wa likita ya ce alama ce mai kyau, yana komawa inda ya fito. A dawowa a zaune na yi tafiyar, na ga hanyar Kano da idona, ashe ma ba wani abin kallo.

Ba mu wuce Kona kai tsaye ba, sai da muka bi ta Attantane. Mijin Yaya, wanda na sha yi wa ba'a a kan nomansu, ya saurari labarin har ƙarshe. Ya shiga ya fito da hauyarsa ta kansa, wadda ƙotarta ta yi santsi don riƙo, ya miƙo mini.

"Riƙe da kyau, sarkin noma. Ba ta cizo."

Ya kai ni bayan gari ya koya mini har hannuna ya faɗa.

Ruwa ya sauka bayan komawata da kaɗan, ruwa na gaske, irin wanda muka manta da shi. Muka yi shuka, ina sara da sungumi a tsaye, Rabi da yara suna binne iri. Hatsi ya fito, ciyawa ta biyo shi. Ranar da zan fara noman fari na saɓa hauyar nan a kafaɗa, ta fi ni tsawo, ba yadda za a ɓoye ta. Kafin in kai gona rabin gari ya biyo ni. Suka jeru a kan iyaka.

"Isuhu, rakumi za ka kora?"

"A'a, goruba zai kaɗo!"

"Wai don wanga anka tahi har Kano?"

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na yi bisimilla na tura. Bakin hauya ya shige rairayi, ciyawa ta kwanta. Na taka na sake turawa. Ina jiran igiyar wutar nan ta harba, ba ta harba ba. Na kai ƙarshen gona na juyo. Masu dariya suka gaji suka tafi nasu aikin, ni ina nan. In na gaji in tsaya in dafa ƙota in sha iska, in ci gaba. Da la'asar na waiwaya, na ga abin da na nome, na san in Allah ya bar ruwa bana gidana ba ya watsewa. Na tsaya a tsakiyar gona ni kaɗai ina ta dariya kamar taɓaɓɓe.

Na taho gida da saurina in ba Rabi labari. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Na jingine hauya, na nufi ɗaki ina cewa, "Ke, yau kam..." Sai ji na yi gau! Goshina ya daki itacen saman ƙofa, har na ga taurari. Wata da watanni a duƙe nake shiga ɗakin nan, na manta ƙofar ba ta kai ni tsawo ba.

Rabi ta saki rariya ta taso a guje. Ta dubi ƙulun da ya fara tasowa a goshina, ta dubi ƙofar, ta ɗaga kai ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta sa bakin zane tana share ido.

"Malam," ta ce, "ashe haka kake da tsawo."